Fatsa da kifin roba daga bakin gaɓa: ƙugiyoyina suna ƙarewa a duwatsun Kainji

Malamin Bussa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne da aiki ya kawo ni New Bussa shekara biyu da suka wuce, kuma tun ina yaro nake son fatsa, sai dai abin da na sani bai wuce ƙugiya da tana da guntun karan dawa ba, irin wadda muke yi a kududdufan garinmu da damina. A watan jiya ƙanena da ke aiki a Dubai ya zo hutu, ya kawo mini sandar fatsa mai tsawon mita 2.7, da injin naɗe zare, da fakiti huɗu na kifin roba mai laushi, da ƙugiyoyi ashirin irin waɗanda aka zuba wa dalma a ka. Dukan kawunan dalmar gram 28 ne, kifayen robar kuma tsawonsu santimita 10, masu wutsiya faffaɗa kamar bakin filafili. Zaren da ke kan injin na lailon ne mai kaurin milimita 0.40.

Sau uku ina zuwa wani wuri mai duwatsu a gaɓar tafkin Kainji, ba nisa da Malale, daga hantsi zuwa azahar. Ina yin jifa iyakar ƙarfina zuwa tsakiyar ruwa, in ɗan jira, sannan in fara naɗewa. A cikin zuwa ukun nan na rasa ƙugiya goma sha ɗaya, dukansu sun maƙale a ƙasa har sai da na tsinke zaren, kuma ban kama ko kawara ba. Sau ɗaya ne kawai na ji an taɓa, da na jawo sai na tarar an datse wutsiyar robar kamar an sa almakashi. Ina roƙon waɗanda suka san wannan salon su faɗa mini inda kuskurena yake, ko a nauyin dalmar ne, ko a yadda nake jan zaren, ko kuwa wurin ne bai dace ba, domin ƙugiya tara suka rage mini kuma ba a sayar da irinsu a kasuwarmu.

Alhajin Lagdo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na shekara takwas ina wannan fatsar a tafkin Lagdo da kuma kogin Binuwai ta wajen Garwa a Kamaru, kuma ruwanmu da naku 'yan gida ɗaya ne, kifin da ke can shi ke nan. Abin da ka bayyana na gane shi tun daga layin farko. Gram 28 ya yi wa ruwan bakin gaɓa nauyi ƙwarai. Inda mai tsayuwa a kan tudu ke iya kai jifa, zurfin ruwan sau da yawa bai wuce mita biyu zuwa biyar ba, kuma dalma mai wannan nauyin tana faɗawa ne kamar an jefa tsakuwa a rijiya, ta nutse cikin tsagin dutse tun kafin ka rufe bakin injin. Ka nemi gram 10 da gram 14 su zama abin aikinka na kullum, da gram 7 domin ruwa marar zurfi idan iska ta kwanta. Masu gram 28 ɗin ka ajiye su, ranarsu tana zuwa, wato ranar da za ka tsaya a wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi, irin duwatsun Awuru da ke ƙasa da madatsarku.

Amma nauyin dalma rabin magana ne. Sauran rabin shi ne, a wannan fatsar dole mutum ya san inda kotonsa yake a kowane lokaci, kuma zare ne kaɗai ke ba shi wannan labarin. Idan ka yi jifa, da zarar koton ya taɓa ruwa ka rufe injin, ka naɗe sakin da ke cikin zaren, ka ɗaga kan sandar sama, sannan ka fara ƙirga a zuciyarka: ɗaya, biyu, uku. Idonka ya kasance a daidai wurin da zaren ya shiga ruwa. Muddin koton yana sauka, zaren yana nan a miƙe, da ya taɓa ƙasa kuwa za ka ga zaren ya saki jiki nan take, kan sandar ya ɗan miƙe kamar an sauke masa kaya. Wannan ne lokacin da ake rasa ƙugiya ko a tsira da ita. Wanda ya ɗaga a cikin wannan ƙiftawar ido ya fita lafiya, wanda ya jira kuwa, ko ya fara naɗewa kan sandarsa yana ƙasa, to jan dalmar yake yi a kan duwatsu har ta sami ramin da za ta shige.

Bayan taɓawar farko, ka ɗaga koton da naɗi biyu na inji ko da ɗaga sanda kamar kamu ɗaya, sannan ka tsaya ka bar shi ya sake sauka a kan miƙaƙƙen zare. Idan saukar tana ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa uku, nauyin dalmarka ya yi daidai. Idan bai kai ɗaya ba ya yi nauyi, idan kuma ba ka jin taɓawar ƙasa sam, ya yi sauƙi ko iska ta yi wa zaren ciki. Na dage a kan wannan ne saboda mafi yawan kifin da na taɓa kamawa a kan saukar suka kama, lokacin da wutsiyar robar ke kaɗawa a hankali kamar ƙaramin kifin da ya jikkata. Kamun giwan ruwa ba ya zuwa da ja kamar na tarwaɗa. Abin da za ka ji bugu ɗaya ne tak a cikin sandar, kamar an ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, domin buɗe baki yake yi ya zuƙe koton tare da ruwan da ke kewaye da shi. Wani lokacin ma ba za ka ji komai ba, sai ka ga zaren ya saki a ƙirga ta uku alhali ka san ƙasa tana ta bakwai. Duk lokacin da haka ta faru ka fizga da ƙarfi, kada ka tsaya tunani.

Akwai kuma batun inda kake jifa. Gaɓar tafki gangare ce, saboda haka wanda ya yi jifa kai tsaye zuwa tsakiya hawan tudu yake sa kotonsa, kuma kowane dutse da ke kan hanya bakinsa a buɗe yake yana jiran kan dalmar. Ka riƙa yin jifa a karkace, kusan tare da gaɓar, yadda koton zai daɗe yana tafiya a zurfi ɗaya. Idan wurin ya cika duwatsu, ka daina taɓa ƙasa gaba ɗaya: in ka ƙirga takwas a jifan farko kafin ya taɓa, to a na biyu ka fara naɗewa a hankali daga shida. Ni idan na je sabon wuri, akwai tsohon kan dalma da na guntule wa ƙugiya da filaya, shi nake fara jefawa sau biyar ko shida ina ƙirga, har in san inda rami yake da inda tudu yake, kafin in ɗaura mai ƙugiya.

Idan duk da haka ta maƙale, kada ka ja da sanda, domin ƙara cusa ta kake yi, kuma sandar tana iya karyewa. Ka taka gefe tare da gaɓar har ka wuce daidai inda ta maƙale, ka ja daga can. Idan ta ƙi, ka miƙar da zaren, ka kama shi da yatsa tsakanin inji da zoben farko na jikin sandar, ka ja shi gefe kamar tsirkiyar baka, ka saki farat ɗaya. Girgizar da ke bin zaren takan turo dalmar baya ta fito daga tsagin.

Basarken Yauri ya amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da Alhaji ya faɗa game da dalma da ƙirga ba ni da abin ƙarawa, shi ya fi ni sanin wannan kayan. Ni a gidan su aka haife ni, mahaifina da kakana da ragar kalli da mari-mari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, suka ci abinci a wannan ruwan tun kafin a gama madatsar a 1968, don haka zan yi magana ne a kan ruwan da kifinsa.

Lokacin da kake zuwa bai dace ba. Daga hantsi zuwa azahar giwan ruwa yana can ƙasa cikin inuwar duwatsu da zurfi, nesa da inda jifanka zai kai. Yana matsowa gaɓa ne da asuba, daga sallame salla zuwa rana ta ɗaga kaɗan, sai kuma bayan la'asar sakaliya har duhu ya shiga, lokacin da ƙananan kifaye ke taruwa a bakin ruwa. Kafin ka yi jifa ko ɗaya, ka tsaya shiru ka duba. Idan ka ga kawara suna watsewa a saman ruwa kamar an watsa tsakuwa, akwai mai korar su a ƙasa, kuma nan ne wurin jifanka, ko da taku goma ne daga ƙafarka. Ka kuma rage motsi a kan dutsen da ka tsaya, domin kifin da ya zo kusa yana jin takun mutum.

Abu na biyu, ba duk abin da ya riƙe ka dutse ba ne. Ƙasan Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci, da tsofaffin ragogin kalli da suka tsinke aka bari, da igiyoyin mari-mari. Hannunka zai bambance maka su. Dutse tsayawa yake yi cak, ba ya motsi. Itace yakan ɗan biyo ka sannan ya tsaya. Raga kuwa tana biyo ka da laushi, idan ka saki ta koma da kai, kuma ita ba ta da magani, dabarar tsirkiyar da Alhaji ya kawo ba ta aiki a kanta. Idan ka ji irin wannan sau biyu a wuri ɗaya, ka bar wurin. Idan kuma ka ga gora ko guntun kumfa yana yawo a saman ruwa, kayan wani ne a ɗane, ka nisance shi, domin babu abin da ke jawo rigima tsakanin baƙo da masunta kamar a tarar da ƙugiyarsa a cikin ragarsu. Shawarata ita ce ka je ka gai da Sarkin Ruwan wurin, ka nuna masa kayanka, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Zai nuna maka inda ba a ɗana raga, zai kuma faɗa maka inda dorina take kwana, wanda ya fi komai muhimmanci ga mai tsayuwa a bakin ruwa da duhun asuba.

Akwai wata dama da tafkinmu yake bayarwa wadda baƙi ba sa lura da ita. Ruwan Kainji yana sauka da hawa kusan mita goma a kowace shekara. Yana kai ƙarshen saukarsa wajen watan Agusta, sannan farin ruwan damina ya fara cika shi, daga baya baƙin ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da sanyin hunturu ya riƙe shi a cike. Ma'anar wannan ita ce, duwatsun da ke cinye maka ƙugiya yanzu za ka iya taka su da ƙafarka idan ruwa ya janye. Ka je a lokacin, ka ɗauki hotonsu da wayarka tare da wata alama da ruwa ba ya kaiwa, kamar bishiya ko babban dutse, ka san inda kogo yake da inda yashi yake. Wataƙila ma ka tsinci wasu daga cikin ƙugiyoyinka.

Wutsiyar da aka datse maka kuwa, yadda ka ce kamar an sa almakashi, aikin talibambam ne, shi ne kifin nan mai haƙora kamar bakin aku. Da tsage ne, da ka ga jikin robar a tsattsage kamar an bi shi da reza. A ƙarshe ina so in ɗan saba da masu ganin roba ta isa komai. Tarwaɗa da kurungu da hanci da gashin baki suke farauta, saboda haka idan abin miya kake nema tanarka ta dā ta fi. Roba ta masu farauta da ido ce, giwan ruwa da tsage, sai ragon ruwa jefi-jefi. Kuma ina roƙonka, idan ka kama ɗan giwan ruwa da bai kai kamu biyu ba ka mayar da shi, domin kifi ne da ke iya wuce kilo ɗari idan aka bar shi, kuma manyan da muka gani muna yara sun yi wuyar gani a yanzu.

Ɗalibi a Holan ya amsa:

Gaisuwa ga iyayena Alhaji da Baba Basarke. Ina karatu a Holan, kuma a nan wannan salon ne aka fi amfani da shi wajen kama wani kifi mai farauta da suke kira zanda a magudanan ruwa da koguna, don haka zan ƙara abu kaɗan game da kayan.

Malam, zaren lailon mai kaurin 0.40 yana miƙewa kamar roba, kuma a nisan mita talatin shi ke shanye bugun da Alhaji ya bayyana kafin ya iso hannunka. Idan da hali ka sauya shi da kitsattsen zare, wanda kusan ba ya miƙewa, mai ƙarfin kilo 13 zuwa 15. Sai dai kitsattsen zare ba ya jure gogar dutse, saboda haka ake ɗaura masa zaren gaba kamar mita ɗaya na fulorokabon, wato wani zare mai kama da lailon, ko na lailon mai kauri, milimita 0.60 ko fiye, wanda zai kuma jure ƙashin nan mai kaifi da ke gefen kuncin giwan ruwa. Kada ka taɓa naɗe kitsattsen zare a hannu domin ka tsinke shi, yana yanka har ƙashi, ka naɗe shi a guntun ice.

Ka duba yadda kake soka robar ma. Ka fara ɗora ƙugiyar a gefen kifin robar ka ga daidai inda bakinta zai fito a bayansa, ka yi alama, sannan ka soka ta tsakiyar hanci ka bi tsakiyar jiki har alamar. Idan ya ɗan lanƙwashe ko kaɗan, juyawa zai riƙa yi a ruwa maimakon iyo, ka cire ka sake. Kafin jifan farko ka ja shi a gabanka cikin ruwa ka ga wutsiyar tana kaɗawa. Ga robar santimita 10, ƙugiya mai lamba 3/0 ko 4/0 ta isa, kuma ɗigon gam a bayan kan dalmar yana hana robar zamewa.

Abin da nake so a kula da shi shi ne kaurin ƙarfen ƙugiyar. Wannan koton a Amurka ya samo asali, inda Nick Creme ya fara zuba tanar roba a jihar Ohayo a 1949, kuma har yau yawancin kawunan dalmar da ke kasuwa an yi su ne domin kifayen Amurka da Turai da ba su cika wuce 'yan kilo kaɗan ba. Siririyar ƙugiya tana da amfani ɗaya, idan ta maƙale takan miƙe ka samu kayanka, amma haka za ta miƙe a bakin babban giwan ruwa. Ni da zan tsaya a Kainji mai kauri zan zaɓa, in yarda da asarar da za ta biyo baya. Ka kuma saita birkin injin yadda zare zai fita idan an ja da ƙarfi, domin kifin yakan yi tsalle ya girgiza kai, kuma a nan ne zaren da aka ƙulle tam yake tsinkewa. Robobin kuma ka bar kowanne a fakitinsa, a inuwa, domin akwai irin mai miƙewa sosai wanda idan ya haɗu da irin na gama-gari suna narkar da juna.

Maƙerin Kontagora ya amsa:

Malam, tunda ka ce ba a sayar da su a wajenku, na san za a ba ka shawarar ka zuba naka, kuma abu ne mai yiwuwa, domin dalma tana narkewa a zafin digiri 327, wanda garwashin gawayi yana kaiwa. Ni ma ina zubawa. Amma ina roƙonka kada ka yi shi a cikin gida, ko a tukunyar da za a sake dafa abinci, ko inda yara ke wasa, kuma kada ka fasa tsohon batirin mota domin neman dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010. A yi aikin a fili, iska tana bayanka, kuma mazubin ya bushe sarai, domin ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyar dalma yana sa ta fantsama a fuska. Hanya mafi sauƙi gare ka yanzu ita ce ka rage waɗanda ke hannunka: ka sa filaya mai yanka ka gutsure dalmar daga gefe biyu daidai wa daida, kana aunawa a ma'aunin masu sayar da zinariya har ta sauko gram 14, ka tattara gutsattsarin a kwalba, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu.

Malamin Bussa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi shawarar Maƙeri na rage guda huɗu zuwa gram 14, na kuma je na gai da Sarkin Ruwa kamar yadda Baba ya ce, ya haɗa ni da wani yaro da ya nuna mini wani hancin dutse da ba a ɗana raga a gefensa. Ranar Asabar na isa bayan sallar asuba. Kitsattsen zaren bai iso ba tukuna, da lailon ɗin na yi, amma da na sa ido a kan zaren na ga sakin da Alhaji ya bayyana, a ƙirga ta shida a dama da dutsen, ta tara a hagunsa. A gefen hagun ne, wajen jifa na goma sha biyar, zaren ya saki a ta biyar, na fizga, sandar ta lanƙwashe. Giwan ruwa ne, na auna shi a gida ya yi kilo 2 da ɗan kai. Ƙugiya ɗaya kawai na rasa a ranar, ita ma a hannu na ji raga ce ta riƙe ta.

Sai dai da rana ta fara ɗagawa an tsinke mini zare sau biyu a jere, ba tare da na ji nauyin komai ba, kuma bakin zaren ya dawo a yanke sumul. Yaron ya ce tsage ne. Alhaji, idan na sa siririyar waya a gaba saboda haƙoransa, shin giwan ruwa zai guje ta a ruwa mai haske irin na wannan lokacin, kuma tsawon wayar nawa kake sawa a Lagdo?